Gaskiya ko Jita-jita: Alƙalin Rigimar Ma'aikata Ya Fi Ƙarfin a Taɓa Shi?

Duk wanda ya taɓa zaman benci a harabar kotu ya san yadda mutum ke fitowa idan hukunci ya juya masa baya. Ma'aikacin da aka sallama bayan shekara goma sha biyar, ya sayar da ɗan filinsa ya biya lauya, ya yi ta sintiri har takalminsa ya cinye, ƙarshe aka ce ƙararsa ba ta da tushe, ba kamfanin yake fara ambata ba. Alƙalin yake fara kira. "Wallahi an saye shi, kuma sai na maka shi a kotu." Da ya isa majalisa da yamma, wani zai ce masa, "Haba Malam, rufa wa kanka asiri, ai suna da rigar kariya irin ta gwamna." Wani kuma ya ɗora da cewa ko da buhun kuɗi aka kama alƙali, babu abin da zai same shi.

Hirar nan ta cuɗa abubuwa da yawa wuri guda, kuma cuɗawar tana jawo asara. Wanda ya gaskata ta, ko dai ya naɗe hannu ya ce ya bar wa Allah alhali da sauran hanya a gabansa, ko ya ɓata watanni yana farautar alƙali har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce shi.

Masu raba rigimar aiki a Najeriya suna da yawa. Dokar Rigingimun Ƙwadago ta 1976 ta jera matakai ga rikicin ƙungiyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki: a fara da mai shiga tsakani da ɓangarorin suka yarda da shi, in abin ya gagara a sanar da Ministan Ƙwadago ya naɗa mai sulhu, in ya sake gagara a tura wa kwamitin raba gardama na IAP, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ita wannan kotu, gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, wanda ya fara aiki a Maris 2011, shi ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna, Sashe na 254C kuma ya ba ta hurumin shari'o'in aiki ita kaɗai. Tana zama a Abuja, Kano, Kaduna, Sakkwato, Bauchi, Jos da wasu garuruwan. Ban da waɗannan akwai mai raba gardama mai zaman kansa da wasu kamfanoni kan rubuta a takardar ɗaukar aiki, akwai kuma kwamitin ladabtarwa na cikin ofis, wanda shi ne yawancin ma'aikata suka fi karo da shi. Kowanne da kaurin rigarsa. Wani ma ba shi da ita, tsoronsa kawai ake ji.

"Rigarsu ɗaya da ta gwamna"

Jita-jita. Rigar kariyar da muka saba ji a rediyo tana Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulki, kuma mutum 74 kacal ta rufe a faɗin ƙasar nan: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamnoni 36 da mataimakansu 36. Babu alƙali ko ɗaya a ciki, har da Alƙalin Alƙalan Najeriya. Ta gwamna kujera take bi. Muddin yana kai, ba a gurfanar da shi kan al'amarinsa na ƙashin kansa, bashi ne ko laifi, amma ranar da ya miƙa mulki ta zame daga kafaɗarsa. Ta alƙali kuwa aikin shari'a take bi. Idan ya ci bashin ɗan kasuwa ya hana, ko ya shiga gonar maƙwabci, ko ya buge wani da mota, yau ɗin nan ana iya kai shi ƙara kamar kowa. Abin da ya rubuta a hukunci ne, ko umarnin da ya bayar yana kan karagar shari'a, ba za a nemi diyyarsa a aljihunsa ba, ko ya shekara ashirin da yin ritaya.

"Ko da gangan ya cuce ka, ba za ka ci kwabo a hannunsa ba"

Wannan gaskiya ce, kuma ba ta da daɗin faɗa.

Ƙa'idar daga Ingila ta zo mana, inda aka kafa ta tun 1607 a shari'ar Floyd da Barker. Dokokin da suka kafa manyan kotunanmu sun ɗauko ta sun rubuta: ba a kai alƙali ƙarar diyya kan abin da ya yi yana aikin shari'a, ko da ya tsallake huruminsa, matuƙar a lokacin ya yi imani da zuciya ɗaya cewa yana da hurumin. In kuwa a cikin huruminsa yake, zargin ƙiyayya ko son kai ma ba ya buɗe ƙofar. Wani lauyan Legas, Fred Egbe, ya gwada sa'arsa a kan Babban Alƙalin Jihar Legas na lokacin, Mai Shari'a Adefarasin, saboda izinin gurfanar da shi da alƙalin ya bayar. Ya kai maganar har Kotun Ƙoli, a 1985 aka shaida masa cewa ƙofar a garƙame take. Lauya ke nan, wanda ya san lungu da saƙon kotu, balle direba ko masinja.

Wanda ke son ganin iyakar abin, ya dubi abin da ya faru a jihar Indiyana ta Amurka. A 1971 wata uwa ta kai wa alƙali Harold Stump takarda tana neman izinin a yi wa 'yarta mai shekara 15 aikin da zai hana ta haihuwa har abada. A ranar ya sa hannu. Ba a yi zaman sauraro ba, ba a nema wa yarinyar lauya ba, ita kuwa aka ce mata wani ɗan aikin hanji za a yi mata. Sai da ta yi aure, haihuwa ta ƙi zuwa, sannan ta gano abin da aka aikata mata. Ta kai alƙalin ƙara. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan uku, ta ce aikin shari'a ya yi, don haka babu diyya a kansa. A wannan shekarar dai kotun ta shimfiɗa irin wannan kariya ga jami'an hukumomin gwamnati da ke zaman sauraron ƙara kamar alƙalai. Na daɗe ina juya labarin yarinyar nan, har yau bai kwanta mini ba. Hausawa suka ce shari'a saɓanin hankali.

To me ya sa ƙasashe suka riƙe wannan ƙa'ida duk da haka? Saboda kowace shari'a tana da wanda ya faɗi, kuma da wuya ka sami wanda ya faɗi ya yarda an yi masa adalci. A rigimar aiki abin ya fi fitowa fili. A ce gobe an yaye rigar nan. Wa zai fi amfani da damar? Ma'aikacin da ya sayar da fili kafin ya biya lauya ɗaya, ko bankin da ke da ofishin lauyoyi sukutum a hawa na uku? Alƙalin da ya umarci babban kamfani ya biya ma'aikata ɗari uku giratutinsu zai wayi gari da sammaci, a ja shi shekara biyar yana kare gidansa da fanshonsa. Na kusa da shi yana kallo, kuma gobe in irin wannan shari'a ta zo gabansa zai san inda zai karkata. Rigar da ke ba talaka haushi ita ce ke ba alƙali ƙarfin halin kallon mai kuɗi ido da ido. A nan ina tare da dokar.

Inda na rabu da ita shi ne wanda aka cuta. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna kuskuren alƙali, kuma da yawansu sun tafi a kan cewa idan ya yi kuskure ba da gangan ba a aikin jama'a, baitulmali ne zai biya, in kuwa zalunci ya yi yana sane, dukiyarsa ce za ta biya, a kuma tuɓe shi. Faransa ma ta bi wata hanya mai kama da rabin wannan: tun dokar 1972 gwamnati ce ke biyan diyya idan harkar shari'a ta tafka babban kuskure ko ta hana mutum haƙƙin a yi masa shari'a, kuma kotunan ƙasar sun sha sa gwamnati ta biya ma'aikatan da ƙararsu ta yi shekaru tana jibge a kotun ƙwadago. Mu mun ɗauko rigar daga Ingila, ba mu haɗo da asusun share hawayen wanda rigar ta danne ba. Wannan gyara ne da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su sa a gaba, maimakon kiran a yaye rigar.

"Tunda ba a taɓa shi, hukuncinsa ma ya zauna daram"

Jita-jita, kuma ita ce ta fi cutar da mutane. Kariyar ta tsaya ga aljihun alƙali, ba ta kai ga takardar hukuncinsa ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta yi jijiya. Shekaru bayan gyaran 2010 lauyoyi sun yi ta jayayya kan ko ana ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata in ba a kan haƙƙin ɗan'adam ko laifi ba, har rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara suka saɓa wa juna. A Yuni 2017 Kotun Ƙoli ta raba gardamar a shari'ar Skye Bank da Iwu: duk hukuncin Kotun Ma'aikata ana iya kai shi gaba. Idan maganar haƙƙin ɗan'adam ce, kamar an hana ka damar kare kanka da Sashe na 36 ya ba ka, kai tsaye za ka tafi. Sauran sai ka nemi izinin Kotun Ɗaukaka Ƙara tukuna, kuma a nan tafiyar ke tsayawa, ba a zarcewa Kotun Ƙoli. Wa'adin ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe wata uku ne, kan umarnin tsakiyar shari'a kuwa kwana 14.

Kowa ya tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da aka fara ranar 14 ga Fabrairu 2022. Da Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya kai maganar Kotun Ma'aikata, ranar 21 ga Satumba Mai Shari'a Polycarp Hamman ya umarci malamai su koma aji. Malaman sun ji zafi ƙwarai, amma lauyoyinsu ba su ɓata lokaci a kan alƙalin ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara suka nufa. Ita kuma ranar 7 ga Oktoba ta ce su fara bin umarnin kafin a saurare su, mako guda bayan haka aka janye yajin. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, hanyar da suka bi ita ce hanyar. Mai bin alƙali ya bar hukunci, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Tun kafin a kai ga hukunci ma, in ka ga alƙali yana da alaƙa da abokin shari'arka, lauyanka na iya roƙonsa ya janye, ko a rubuta wa shugaban kotun a nemi a mayar da ƙarar gaban wani.

"Ko na goro ya karɓa, babu abin da zai same shi"

Jita-jita ce, sai dai akwai ƙura a gindinta. Cin hanci ba aikin shari'a ba ne, kariyar diyya ba ta wanke laifi, ba ta kuma riƙe wa mutum kujerarsa. Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, tana da ikon ladabtar da alƙalai, Sashe na 292 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya tsara yadda ake tuɓe su: alƙalin Kotun Ma'aikata shugaban ƙasa ne ke cire shi bisa shawarar NJC, shugaban kotun kuwa sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. A Oktoba 2018 NJC ta ba da shawarar korar wani alƙalin ita wannan Kotun Ma'aikata kan batun karɓar kuɗi daga lauyoyi da masu shari'a a gabansa.

Ga inda ƙurar take. Bayan samamen dare da jami'an DSS suka kai gidajen wasu alƙalai a Oktoba 2016, EFCC ta gurfanar da wasu. A Disamba 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Mai Shari'a Nganjiwa, ta ce alƙalin da ke kan aiki ba a gurfanar da shi kan zargin da ya shafi aikinsa sai NJC ta fara bincikarsa ta yanke masa hukunci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2022. Laifin da bai shafi aiki ba, kamar kisa ko fashi, wannan ba ya jiran kowa. Hujjar ita ce kada gwamnati ta riƙa razana alƙalai da 'yan sanda, kuma duk wanda ya ga ƙofofin da aka ɓalle a daren nan ya san hujjar ba ta banza ba ce. Amma sakamakon shi ne makullin yana hannun majalisar da yawancin 'yan cikinta alƙalai ne, masu ci da masu ritaya. In ta yi nawa, komai ya tsaya. Talakan da ya ce 'yan gida ɗaya ne ke binciken junansu bai yi ƙarya ba, ya dai wuce gona da iri ne da ya ce ba a taɓa hukunta kowa ba.

Kowa na iya rubuta wa NJC koke, ba sai lauya ba. Ana son a haɗa shi da takardar rantsuwa, a kuma shigar cikin wata shida da faruwar abin. Koken da duk abin da ke cikinsa shi ne "hukuncin bai yi mini ba" watsar da shi ake yi, domin wannan aikin Kotun Ɗaukaka Ƙara ne. Abin da suke nema shi ne hali: wa ya ba da me, yaushe, a ina, wa ya gani.

"Mai raba gardamar da kamfani ya kawo shi ma alƙali ne"

Rabi da rabi. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku ya sauka, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar raba gardama da sulhu wadda ta maye gurbin ta 1988. Sashe na 13 ya kare mai raba gardama da cibiyar da ta naɗa shi daga biyan diyya kan abin da suka yi a bakin aiki, sai fa in an nuna da mugun nufi suka yi. Wannan "sai fa" ita ce bambancinsa da alƙali: rigarsa tana yagewa. Tabbatar da mugun nufi dai ba wasa ba ne, kuskure ko rashin ƙwarewa ba su isa ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi kotu ta soke hukuncinsa cikin wata uku, bisa hujjoji ƙayyadaddu irin su hana wani ɓangare damar gabatar da maganarsa, ko yanke hukunci kan abin da ba a kawo masa ba.

Afirka ta Kudu haka ta yi wa kwamishinonin CCMA, hukumar da dokar ƙwadagonta ta 1995 ta kafa don sauraron korar ma'aikata. Ba a neman diyya kan abin da aka yi da zuciya ɗaya, amma wanda bai gamsu ba yana da mako shida ya kai hukuncin Kotun Ƙwadago a duba shi.

"'Yan kwamitin da suka kore ni su ma doka ta rufe su"

Nan ne aka fi yi wa ma'aikata barazanar banza. Shugaban sashen ma'aikata da mutum huɗun da suka zauna da shi suka karanta maka tuhuma ba kotu ba ne, ko da sun sa ka tsaya su suna zaune. Abin da suka yanke aikin ma'aikatar ne, kuma ma'aikatar ce ake kai wa ƙara. In ka'idar ɗaukarka aiki tana cikin doka, kamar ma'aikacin gwamnati ko na jami'a, tsallake matakin da dokar ta shimfiɗa na iya rushe korar gaba ɗaya. Haka Kotun Ƙoli ta yi a 1985 a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, ta mayar da farfesoshin da aka cire ba tare da an bi tsari ba. A kamfani mai zaman kansa kuwa galibi diyya ake samu, ba komawa aiki ba. 'Yan kwamitin suna da ɗan sassauci kan abin da suka rubuta a rahoto, ba a cin su da ɓata suna in aikinsu suka yi tsakani da Allah, amma da zarar an nuna ƙage ne da gangan sassaucin ya tafi.

Shi kansa alƙali, in ya zo korar ma'aikacinsa, rigar ba ta bin sa. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari Cynthia Forrester, jami'ar kotu a jihar Ilinoi, wadda ta ce alƙalin da take aiki a ƙarƙashinsa ya rage mata matsayi sannan ya kore ta don ita mace ce. Kotun ta ce ɗauka da kora aikin ofis ne, don haka sai ya tsaya ya kare kansa kamar kowane shugaban ma'aikata.

Akwai wata kariya daban da ake yawan rikita ta da ta alƙalai, kuma ita ce ta fi cinye ƙararrakin ma'aikatan gwamnati: Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Ba ta ce kada a kai jami'i ƙara ba, cewa ta yi a kai shi cikin wata uku da aikata abin. A 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba ɗaiɗaikun jami'ai kaɗai ba. A 2019 kotun ta ce dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, amma tun daga lokacin hukunce-hukunce ke ta kai-komo a kan batun, kuma lauyoyin gwamnati ba su daina ɗaga ta a ranar farko ba. Jami'in da ya yi abu da mugun nufi ko ya fita daga da'irar aikinsa ba ya cin moriyarta, sai dai kafin ka kai ga nuna haka an ci maka shekara.

Saboda haka, ɗan'uwa ma'aikaci, ranar da aka miƙa maka takardar kora, ko aka karanta maka hukunci, rubuta kwanan watan a bayan takardar. Kada ka tsaya jiran amsar takardun roƙo da ka aika wa manya, ko alƙawarin wani cewa zai yi magana da oga. Ka kai ta ofishin ƙungiyarka ko wurin lauya a cikin makon. Daga wannan rana ake fara ƙirga wata ukun.